Fitilar da Ta Ƙi Kallon Ƙasa

Tun ranar da 'yata ta fari ta samu aiki a wani kantin magani da ke can ƙarshen gari, ban sake cin abincin dare da zafinsa ba. Sai bayan magariba ake tashinsu. A hanyar da take biyowa gida kuma akwai wani dogon yanki da babu fitilar titi ko ɗaya, sai ramuka, da kwana mai kaifi, da wata gada da shingenta na gefe guda ya karye tuntuni ba a gyara ba.

Motar da take ja tawa ce. Tsohuwa ce, ta girmi ɗana na ƙarshe. Ni na daina tuƙi da duhu tun da idona ya fara yi mini gardama, shagona na kayan gini kuma da ƙafa nake zuwa, shi ya sa na bar mata. Injin lafiyarsa ƙalau. Fitilun gaba ne suka gaji. Gilashinsu ya yi rawaya kamar tsohon bokitin roba da ya sha rana, idan ka kunna sai ka fito ka leƙa kafin ka yarda sun kama.

Kullum da yamma sai in ɗauki kujera in zauna a bakin ƙofar gida. Ni ne na hana ta ɗaukar waya tana tuƙi, kuma ni ne nake kiran ta, idan ba ta ɗauka ba in sake kira.

Wata rana ta shigo ta tarar da ni a tsaye a tsakiyar layi da tocila. Ta wuce ciki ta ci abinci. Sannan ta zo ta zauna a gefen tabarmata.

"Baba, ƙawata ta ce ɗaki ya fita a gidan da take haya, bayan kantinmu. Da ƙafa ma zan riƙa zuwa aiki. In koma can, in riƙa zuwa gida ranar hutu, kai ma ka samu barci."

"Wa ya ce miki ba na barci?"

"Kira nawa na tarar a wayata yau?"

"Hannuna ne ya danna."

Mamansu tana daga kicin ta ce, "Hannun nan naka yana da ƙoƙari, Malam."

Na ce ba maganar haya a gidan nan. Yarinyar da har yanzu ni nake tuna mata ta sha maganin mura, ita ce za ta je ta zauna a ɗakin da ban san wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar waje ba? Matsalar fitila ce, kuma fitila ana gyara ta. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

"Zuwa ƙarshen wata," in ji ta. "Idan har lokacin kana tsayuwa a layi da tocila, zan tafi, Baba. Ba don raini ba."

Washegari da safe na kai motar wurin Dogo mai wayarin. Sai da rana take shiga aiki, don haka safiya tawa ce. Dogo ya daɗe yana yi mini aiki, mutum ne mai yawan magana da kansa a cikin bonet, sai ka matso kafin ka ji da kai yake ko da motar. Ya ciro ƙwan fitilar ya ɗaga shi sama.

"Wannan halojin ne, Alhaji, kuma ya kusa yin sallama. Ko mu sa sabo irinsa, ko mu sa LED."

"Wanne ya fi haske?"

"LED. Fari tas, ba ya jan batir kamar wancan. Amma ka ji abin da zan gaya maka. Kwanon fitilar nan don halojin aka ƙera shi. Idan ba a zaunar da LED daidai a ciki ba, haske zai watse, ka kashe wa mutane ido, kai kuma ba ka ga gabanka ba."

"Ka zaunar da shi daidai mana. Ba aikinka ke nan ba?"

Ya kawo wasu ƙwayaye masu 'yar fanka a gindi. Ya goge gilashin da takardar yashi mai laushi da wani man shafawa har rawayar ta fita. Sannan muka tura motar cikin rumfar mai fenti da ke maƙwabtaka da shi, aka saki tamfol, wurin ya yi duhu. Ya auna tsayin fitilar daga ƙasa da sanda, ya je bango ya ja layi da alli. Ya kunna gajeriyar fitila, wato wadda ake tafiya da ita cikin gari, ya riƙa juya ƙwan a hankali, ya ɗaure, ya sa sukundireba yana murɗa wani noti a bayan kwanon, har bakin hasken ya zauna ƙasa da layin kaɗan, a miƙe kamar an yanka da wuƙa.

"Ka gani? Sama da layin nan idon mutane ne. Ƙasa da shi hanya ce."

Na dawo gida raina fes. Amma ina ajiye motar sai wani tunani ya zo mini. Yanzu za ta ga hanya, to idan batir ya mutu a kan gadar nan fa? Idan ruwan inji ya ƙone? Na buɗe but na ga babu komai sai safaya da jak. Akwai wani batir na ajiya a shago, na sa aka kawo shi. Na cika jarka babba da ruwa. Na ƙara da sarƙar jan mota, irin mai kaurin nan, da akwatin ƙarfe na sifanu.

But ɗin motar mabuɗinsa daban ne, tun da makullin asali ya lalace aka canja. A aljihuna yake zama, tare da na shago. Ban gaya mata abin da na zuba ba, don na san abin da za ta ce.

Da daren na zauna a bakin ƙofa. Tun daga kan kwanar layinmu na hango ta, haske fari har kan tagar benen maƙwabcinmu. Na ce a raina, yau dai an yi aiki.

Ta fito tana murza ido.

"Baba, me aka sa wa motar nan?"

"LED. Kin ga haske ko?"

"Na ga haske. Na ga ganyen bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Na karanta duk allon tallan da ke hanyar nan, har lambar wayar mai gyaran firji na haddace. Kwalta ce ban gani ba. Kuma duk motar da ta taho sai ta watso mini doguwar fitila a fuska."

"Hassada ce. Sun ga taki ta fi tasu."

"Wani mai babur ya bi ni har wajen gada yana gaya mini maganar da ba zan iya maimaita maka ba."

Da safe na koma wurin Dogo. Kafin in fita sai da na sauke kayan but ɗin na jera a zaure, domin gareji wuri ne mai hannu da yawa, an taɓa ɗauke mini jak a wani gareji ina tsaye. Mamansu ta wuce da tsintsiya ta ce, "Wannan jigila fa? Tashi za mu yi?" Ban kula ta ba.

Aka shiga rumfar mai fenti, aka saki tamfol. Layin allin yana nan. Dogo ya kunna. Hasken ya zauna a inda ya bar shi jiya, ko gashi bai motsa ba.

"Alhaji, ina matsalar?"

"Ta ce sama yake kallo."

"Ga shi a gabanka. Ko dai da doguwar take tafiya ba ta sani ba? Akwai wata 'yar alama shuɗiya a gaban sitiyari, ka ce ta duba."

Na dawo na mayar da kayana cikin but, na kulle. Da ta fito za ta tafi aiki na tare ta da maganar alama shuɗiya. Da na sani ban yi ba.

"Baba, ni ce ban san doguwa da gajeriya ba? Wa ya koya mini tuƙi?"

"Ni ne."

"To ka tambayi malamin nawa."

A cikin makon nan ta faɗa rami kusa da kwana, wata tirela ta cika mata ido da haske ba ta gan shi ba. Rim ɗin gaba ya lanƙwashe, da ƙyar ta lallaɓo gida. Ban runtsa ba ranar. Da gari ya waye aka buga rim ɗin ya miƙe, ni kuma na sayo safaya ta biyu, da rim ɗinta, na cusa a but. Tunda rami ya shiga maganar, na ƙara da guntayen katako masu kauri na tokare taya. Mai shagon kusa da ni ya ce yashi ya fi komai kashe wutar mota, sai na ɗebi rabin buhu a cikin na sayarwa. Da ƙyar murfin ya rufu, sai da na hau kai da gwiwa.

Abin ya ƙara lalacewa. Ta ce yanzu har masu tafiya a ƙasa suna kare fuska da hannu idan ta doso. Wani direban bas ya tsaya daidai tagarta a cunkoso ya tambaye ta ko jirgin sama take nema. Ta daina ba ni labari da dariya. Tana shigowa sai ta gaishe ni ta wuce ɗaki, in jiyo ta tana waya da ƙawar nan ƙasa-ƙasa.

Na sake sauke kaya a zaure, na sake komawa. Dogo yana hango motar ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna a kan benci.

"Alhaji, ka dawo."

"Ka sayar mini da ƙwai na jabu."

"Ni? Shekara nawa muna tare?"

"To me ya sa a wurinka yake kallon ƙasa, a wurinta yake kallon sama? Tsoronka yake ji?"

Ya ciro ƙwayayen ya nuna mini yadda 'yan idanun hasken ke kallon dama da hagu, ya ce haka ake so. Ya girgiza kwanon, bai motsa ba. Ya duba wayoyi, ya duba fankar. Ya danna gaban motar ya sake, ya danna bayan ya sake, ya ce sifirin na baya ya yi laushi amma ba shi ne ya kawo ni ba. Mai fenti yana tsaye yana jiran rumfarsa, ya fara tsaki. Muka kunna. Ƙasa da layi, a miƙe.

"Ka sauke shi," na ce.

"Daidai yake."

"Ka sauke shi dai. 'Yata ce a ciki, ba taka ba."

Ya dube ni, ya ɗauki sukundireba ya murɗa har hasken ya sauko sosai. "Shi ke nan? Ko in juya shi ya riƙa haska ƙarƙashin motar?"

Hakan ma bai yi ba. Ta ce ya ɗan ragu, yanzu ba saman bishiya take gani ba, tsakiyarta take gani. Na koma har sau nawa ban ƙirga ba. Na ce a mayar da halojin, Dogo ya ce ya jefar da su. Na ce a canja kwanon gaba ɗaya, ya ce na irin motar nan sai an bi 'yan gwangwan an dace. A zuwan ƙarshe ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya miƙo mini sukundireba ya ce in murɗa da kaina yadda raina ke so. Bayana kuma ya fara ciwo saboda ɗaukar batir safe da rana. Mamansu tana shafa mini man zafi tana cewa, "Wai kai da motar nan wa ke gyaran wani?"

Ƙarshen wata ya zo ranar hutunta. Da aka idar da magariba na shigo gida na tarar an ɗauke wuta, motar tana tsakar gida ta fuskanci katanga, injin yana aiki, fitilu a kunne don ta ga abin da take yi. Akwatinta babba yana tsaye a bayan motar, da jakar takalma, da fanka. Mamansu tana zaune a baranda ta rafka tagumi. Hasken ya tsallake katangar, yana kan rassan mangwaron maƙwabta.

"Uwata," na ce, haka nake kiran ta idan ina neman sulhu, "ki ƙara mini mako ɗaya. An ce akwai wani mai wayarin a bayan tasha."

"Baba, mun yi magana. Ka ba ni mabuɗin but in sa akwatina."

"Ki sa a kujerar baya mana."

"Katifa ce za ta shiga nan."

"But ɗin yana da ɗan kaya."

"Wane kaya? Safaya ce da jak."

Mamansu ta ce, "Ba ta mabuɗin, Malam."

Na ba ta. Murfin ya yi tsalle da kansa. Ta haska da wayarta, ta daɗe tana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Kayan ko-ta-kwana."

"Wannan fa?"

"Yashi. Saboda gobara."

"Da wannan nake yawo wata guda? Shi ya sa motar ke nishi a kan gada, ni ina cewa mai ne ba shi da kyau." Ta juyo. "Baba, tsaya. Mabuɗin yana aljihunka. Idan wutar ta kama, da me zan buɗe in ɗebi yashin?"

"Sai ki kira ni."

"In kira ka."

"Ai ina ɗauka. Ba kamar wasu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta naɗe hannun riga ta fara fitar da kaya. Ta mirgino safaya ta biyu ta jingine da bango. Ta jawo sarƙar, ta zube a ƙasa da ƙara. Na ce ta bar batir ɗin zai karya mata baya, ta ce in matsa. Da na ga da gaske take, na kama mata jarkar, muka sauke tare, ina faɗa tana faɗa. Ina ce mata duk wanda ya haifa ba ya barci, tana ce mini ita ma ba ta barci, don kullum da ciwon kai take kwanciya saboda fitilun mutane.

"Ku dakata," in ji mamansu daga baranda. "Wa ke taɓa fitilar?"

"Ba wanda ya taɓa."

"To ɗazu a kan mangwaro take. Yanzu ga ta a kan igiyar shanya."

Muka leƙa. Hasken ya bar bishiya, ya sauko jikin katanga.

"Ku fitar da buhun nan in gani."

Muka kama buhun yashin muka sauke. Bayan motar ya ɗago a hankali, har da ɗan kuka, hasken kuma ya zame daga igiyar shanya ya sauka kan famfo. Aka fitar da akwatin sifanu da katakai, ya sauka ƙasa warwas, a kan siminti, ɗan taku kaɗan daga hancin motar, inda ni da Dogo muka yi ta murɗa shi.

'Yata ta zagaya ta zauna a bakin but ɗin. Hasken ya ɗaga kaɗan. Ta tashi, ya sauka. Ta sake zama.

"Baba, idan za ka je wurin Dogo, da kayan nan kake zuwa?"

Na sunkuya ina tattara sarƙar.

"A zaure yake jere su," in ji mamansu. "Kada a sace masa yashi."

Na buɗe baki in ce Dogo ma da laifinsa, tunda ya ga sifirin ya yi laushi bai tambaye ni abin da nake ɗorawa ba. Sai na tuna bai taɓa ganin but ɗin da komai a ciki ba. Na samu safaya ta biyu na zauna a kai, bayana yana zugi.

Ta kashe injin. Tsakar gidan ya yi duhu, sai hasken wayarta. Akwatin yana nan a tsaye, but ɗin kuma ga shi fayau, zai ɗauke shi har da fankar.

"Za ki tafi?" na ce.

Na ji tana zare mabuɗin but daga cikin zoben mabuɗaina, ta miƙo mini sauran.

"Wannan ya zama nawa. Safaya ɗaya, jak ɗaya, da 'yar tukunyar kashe gobara irin ta kowa. Gobe tare za mu je wurin Dogo ya mayar da hasken kan layinsa, kuma kai za ka yi masa bayani da bakinka."

"Ba sai an yi bayani ba. A ce masa kawai ya ɗaga."

"Da bakinka, Baba. Kuma kujerar nan ta bar bakin ƙofa. Idan na tashi daga aiki zan turo maka saƙo, idan na wuce gada ba zan iya turo wani ba tunda ina tuƙi, sai ka jira."

"Ɗakin fa?"

"Zan ce mata ta riƙe mini shi wata ɗaya."

Ta ja akwatin zuwa ciki. Na ji ba ta kai shi ɗaki ba, a bayan ƙofar falo ta ajiye shi, kuma har yau da nake wannan rubutu yana nan, ba ta kwashe kayan ba. Duk wanda zai shiga sai ya kauce masa.

Da safe muka je. Dogo ya saurare ni har na gama, kansa a cikin bonet. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya kira mai fenti ya ce in sake faɗa daga wajen yashi. Aka saki tamfol, ya sa ta zauna a kujerar direba, ya murɗa notin har bakin hasken ya koma ƙasa da layin alli.

"Hajiya ƙarama, idan kin ga ya fara hawa bishiya, kada ki zo wurina. Ki caje aljihun Alhaji."

Da yamma na zauna a falo kamar yadda aka ce, ga akwatin a gefena. Saƙonta ya shigo. Abinci yana gabana yana hucewa. Mamansu ta ce in ci, na ce ina ci. Ban gaya wa kowa ba, amma da rana na saka 'yar ƙaramar tocila a aljihun ƙofar direba. Na auna ta a tafin hannuna tukuna, ba ta da nauyi.